Tarukan Zikiri, Zaman Daminar Mabiya Buddha da Lokacin Manomin Kadawa

A al'adar ƙasar Hausa, rani ne lokacin neman ilimi. Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, almajiri kan ɗauki allonsa ya bi malami, magidanci kuma ya sami sukunin ziyartar shehinsa ko shiga halwa.

Manyan taruka biyu na daga cikin waɗanda ke jan masu ɗariƙa a Kano. Akwai Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shaikh Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, ake kuma yi a watan Rabi'us Sani. Sai Maulidin Madina Baye a Kaulaha ta ƙasar Senegal, inda Tijjanawa ke zuwa, alaƙar da ta ƙullu tun haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a Hajjin 1937. Mai kallo daga nesa cunkoso kawai yake gani. Muridi kuwa karatu a gaban malami ya je nema, da sabunta izinin wuridi, da tarbiyya, kuma waɗannan ba sa samuwa a yini guda.

Mabiya addinin Buddha sun daɗe da fahimtar cewa kaɗaitawa tana buƙatar keɓantaccen lokaci. Sufayensu na zama wuri ɗaya har wata uku a kowace damina, zaman da suke kira Vassa. Cikin dalilan da littattafansu suka kawo har da gudun tattake shuka da ƙananan halittu. Manyan tarukansu na ƙasa da ƙasa a Bodh Gaya ta jihar Bihar a Indiya, inda suka yi imani Buddha ya sami wayewa, galibi a lokacin sanyi ake yin su, kamar taron Kalachakra da Dalai Lama ya jagoranta a Janairun 2017. Kamannin a tsari ne kawai, domin zikiri ambaton Mahalicci ne, alhali koyarwar Buddha ba ta ginu a kan imani da Mahalicci ba.

Bambancin da ya shafi manomi na kalanda ne. Mabiya Buddha kan ƙara wata guda a wasu shekaru domin Vassa ta tsaya a damina. Shekarar Hijira kuwa tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Maulidi da Maukibi ke zagaya damina da rani cikin kusan shekara 33. A da, wannan zagaye kan bai wa manomi shekaru masu yawa da taro ke faɗowa lokacin da gona ba ta neman sa.

Dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974, ya sauya lissafin. A Kura da Bunkure da Kadawa, shinkafa ce ke cinye damina, tumatir da alkama da albasa su cinye rani. Alheri ne babba, amma ya zo da farashi: tumatir da ya nuna ba ya jiran mai shi ya dawo daga Kaulaha, haka ma ban-ruwa. Mutumin Kura ko Dawakin Kudu zai iya halartar Maukibi da safe ya kwana a gida. Doguwar tafiya da zaman makonni a zawiya kuwa sai mai ɗa ko ɗan'uwan da zai riƙe masa gona.