Zaman Sulhu Idan Kanada Ta Hana Mata ko Miji Biza

Dokar Kanada ta ba ɗan ƙasa, da mai takardar zaman dindindin, damar ɗauko matarsa ko mijinta daga waje. Amma sai jami'in biza ya gamsu cewa auren na gaskiya ne. Tun daga 2010, ɗayan abu biyu ya isa a yi watsi da takardun: ko a ga auren na bogi ne, ko a ga an ƙulla shi musamman don samun izinin zama.

Wanda aka hana matarsa ko mijinta biza yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara a Hukumar Shige da Fice da 'Yan Gudun Hijira, wadda aka kafa a 1989. Wannan dama ta waɗanda aka nema musu biza daga waje ce kawai.

Ba kowace ƙara ke kaiwa gaban alƙali ba. Idan hukumar ta ga maganar ba ta da sarƙaƙiya, sai ta kira zaman sulhu, wanda yakan ɗauki kamar awa guda. Mai ƙara zai zauna da lauyansa in yana da shi, ga lauyan gwamnati, ga jami'in hukumar a tsakani. Lauyan gwamnati ne ke tambaya: a ina kuka haɗu, wa ya halarci biki, me ya sa amsar matarka ta saɓa da taka? Ba ciniki ake yi ba, babu ragi babu tayi. Hujja ake nema: hotunan biki, saƙonnin waya, rasit ɗin aika kuɗi, tambarin fasfo na ziyara, takardar haihuwar yara.

In lauyan gwamnati ya gamsu, zai ba da shawarar a karɓi ƙarar, alƙalin hukumar ya amince, takardu su koma ofishin biza a ci gaba da aiki. In bai gamsu ba, mai ƙara ya zaɓa: ya janye, ko ya jira cikakken zama. Maganganun da aka yi a sulhu sirri ne. Janyewar ma ba kasawa ba ce a kodayaushe, domin wanda ya faɗi a gaban alƙali kan sha wuya in ya sake neman bizar kan auren nan.

Akwai dai inda sulhu ba ya magani, kuma nan ya shafi Bahaushe. Kanada ba ta karɓar mace ta biyu muddin ta farko na nan, ba ta karɓar wadda ba ta kai shekara 18 ba. Tun 2015 kuma ta daina amincewa da auren da aka ɗaura babu ango ko amarya a wurin. A al'adarmu waliyyi da wakili ke ɗaurin aure, amarya na cikin gida, wani sa'in ango na Toronto. Duk mai niyyar kai iyalinsa can, ya tuntuɓi lauya tun kafin a sa rana.