Tsara Gari Ilimi Ne: Kira ga Mutanen Sakkwato

A watan Satumbar 2010 gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har karatu ya tsaya. Wane masani ne shi kaɗai zai magance irin wannan? Injiniya ya san gada. Masanin labarin ƙasa ya san hanyar ruwa tun daga madatsar Goronyo. Likita ya san amai da gudawar da ke biyo bayan ambaliya. Masanin zamantakewa ya san abin da ke tura talaka gini a fadama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi ya sa jami'o'i da dama a duniya suke haɗa waɗannan fannoni a karatu guda, wato nazarin birane. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tsara birane da yankuna. Jami'armu ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da labarin ƙasa, tattalin arziki, tarihi, shari'a da lafiyar al'umma. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa ɗaliban waɗannan fannoni su duba unguwa guda tare, kamar Mabera, inda ruwan sama ke kwanciya da damina.

Garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809 ya daɗe da wuce Ƙofar Marke da Ƙofar Kware, ya kutsa ƙasar Wamakko da Dange Shuni. Gini yana gaba, titi da famfo da magudanar ruwa suna baya. Gobarar babbar kasuwa a Janairun 2021 ta tuna mana muhimmancin barin hanyar motar kashe gobara.

Don haka, jama'a, a kula. Kada dillali ya ruɗe ka da arahar filin awon igiya. Je hukumar tsara birane ta jiha ka tabbatar ba hanyar ruwa ba ce, ba titi ba, ba filin makaranta ko maƙabarta ba. Fili a kwari, da damina ake duba shi. Kada ka ci titi da shago ko soro. Ledar da aka zuba a kwata ita ke toshe kwalbati, ruwa ya shiga ɗakin maƙwabci, sauro ya samu wurin ƙwai. A garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, duk wanda ya sare dogon-yaro ya dasa wani.

Iyaye kuma, idan yaro ya nuna sha'awar wannan karatu, a ƙarfafa masa. In ɗalibai sun zo unguwa da tambayoyi, mai unguwa da liman su tara musu jama'a a gaya musu gaskiya, domin da bayaninku ake gane inda ya kamata a fara gyara.