Hubbaren Shehu: Gidan da Ya Zama Taskar Tarihi

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba yadda gidan zaman mutum kan rikiɗe ya zama makarantar tarihi. Misalin da muka ɗauka shi ne Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda mai shiga tsohon birnin Sakkwato ta Ƙofar Dundaye zai iya nema ya ziyarta.

Da farko dai, wajibi ne mai ziyara ya san cewa gida ne tun kafin ya zama hubbare. An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya zauna Ɗegel, ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Bayan zaman Gwandu da Sifawa, sai ya taso cikin 1815 ya sauka birnin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa cikin 1809. A wannan gida ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa cikin 1817, aka kuma rufe shi a ciki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ita ma nan take kwance.

To, mene ne amfanin ziyarar ga ɗalibi? Amsa ita ce, gani ya kori ji. Littafi yana iya gaya mana cewa Shehu mai gudun duniya ne, har an ruwaito da tufkar igiya yake neman abin masarufi. Amma sai mutum ya tsaya a wurin, ya ga kusancinsa da Masallacin Shehu, sannan zai fahimci cewa rayuwar maigidan tsakanin karatu da salla ta ƙare. Wanda kuwa ke son ganin rubuce-rubucen zamanin da makamansa, sai ya ƙarasa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.

Sai dai akwai abin lura. Ganuwar birnin ta zube, yawancin ƙofofinta suna kawai ya rage. Abin da ya tsirar da Hubbare shi ne ƙafar masu ziyara ba ta ɗauke ba. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da su riƙa zuwa irin waɗannan wurare, su tambayi dattawa, su rubuta abin da suka ji tun masu bayanin suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.