Yadda Ake Haɗa Bidiyon Tallar Saurin Manhajar Lissafi

'Yan'uwana ɗalibai, Excel da Google Sheets manhajoji ne da ake jera lissafi a cikinsu layi-layi, kamar yadda ake tara makin jarrabawa. A shekarar 2024 kamfanin Google ya sanar cewa saurin lissafin Sheets ya ninka biyu. To, ai sauri ba ya ɗaukuwa a hoto. Yaya mai talla zai nuna shi a bidiyo?

Da farko yakan shirya babban fayil mai dubban layuka, domin ƙaramin lissafi ba ya nuna bambanci. Sai ya naɗi aikin sau biyu, da tsohuwar manhaja da kuma sabuwa. Daga nan ya raba allo gida biyu, ya sa wa kowanne agogo, su tashi tare kamar 'yan tsere. Gani ya kori ji.

Amma dole kwamfutar ta zama ɗaya, fayil ma ɗaya. In aka sauya wani, ko aka ƙara wa bidiyon gudu wajen tacewa, an cuci mai saye. Don haka in kun ga irin wannan talla, ku tambaya: a wace kwamfuta aka gwada?