Zaren da Ake Ɗinke Ciki Bayan Cire Mahaifa

Duk wanda ya saba halartar kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ya ga garken tumaki da shanu da ke gangarowa daga Nijar, da wuya ya raya a ransa cewa hanjin waɗannan dabbobi ya daɗe yana hidima ga ilimin ɗibbu. Malam Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, mawallafin Kitabut Tasrif, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana yadda ake ɗinke rauni da zaren hanjin dabba, domin jiki yana narkar da shi da kansa. Wannan zare, da likitoci ke kira katgot, har yanzu ana samunsa a asibitocinmu saboda arharsa, ko da yake ƙasashen Turai sun yi watsi da shi don tsoron ciwon haukan shanu, kuma ƙarfinsa na gushewa da sauri.

Zaɓen zare na da muhimmanci a aikin cire mahaifa. Tun da Dokta Harry Reich na Amurka ya fara cire mahaifa ta ƙananan huji a shekarar 1988, aka samu wata sabuwar hanyar da ba a tsaga ciki: likita ya huda wuri uku ko huɗu, ya hura iska, ya zura kyamara da siraran kayan aiki, ya raba mahaifar da abin da ke riƙe da ita, sa'an nan ya fito da ita ta farji. Macen da ƙarin mahaifa ko yawan zubar jini ya addaba a Gumel ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, in an yi mata irin wannan aiki, galibi sai ta je babban asibiti a birni kamar Kano, ta komo gida bayan 'yan kwanaki da tabo ƙanana, har dangi su ɗauka ta warke sarai.

Alhali kuwa babban raunin yana can ciki, a saman farji inda aka yanke bakin mahaifa, kuma da yake da zafin lantarki aka saba yankewa, gefen naman yakan ɗan ƙone, warkewarsa ta yi jinkiri. In kuwa zaren ya saki kafin nama ya kama nama, ɗinkin na iya buɗewa, har hanji ya leƙo, wanda lamari ne na gaggawa. Saboda haka likita mai basira yana auna zare da tsawon lokacin da raunin ke buƙatar a riƙe shi. Zaren Vicryl, wanda ya fito a 1974, saƙaƙƙe ne mai daɗin ƙulli, amma bayan mako 3 rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma yakan narke cikin kwana 56 zuwa 70. PDS silli ɗaya ne mai santsi, ƙwayoyin cuta ba sa samun maɓoya a jikinsa, yakan kai kusan wata 6 kafin ya ɓace, sai dai ƙullinsa da wuya. Akwai kuma zare mai ƙaya irin su V-Loc, wanda ke kama nama kamar ƙarangiya a gefen riga, ba ya buƙatar ƙulli, yana rage daɗewar aiki. Amma yana da tsada, kuma in aka bar jelarsa da tsawo tana iya maƙale hanji.

Hujin jikin ciki da faɗinsa ya kai milimita 10 kuwa, lalle a ɗinke tantaninsa na ciki, don kada hanji ya kumburo ta wurin daga baya.

A ra'ayina, halin rayuwar mara lafiya ya cancanci shiga lissafi. Matar ƙauye da daka da ɗibar ruwa ke jiranta ta fi buƙatar zare mai jimiri a ciki, a fata kuma mai narkewa, domin a ɗauke mata wahalar komawa asibiti cire zaren nailan. Wajibi ne kuma likita ya zaunar da maigidan ya gaya masa a sarari cewa ɗaukar kaya mai nauyi da kwanciyar aure sun dakata, aƙalla mako 6 zuwa 8, ko har ranar da aka duba ɗinkin aka ba da izini.