Kwano Mai Tsakuwa: Abin Da Magidanta A Jabo Ya Kamata Su Duba

A garin Jabo da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, rufin soro na azara da jinkar ciyawa sun daɗe da ba kwano wuri, amma kwanon bai raba jama'a da wahala ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana, sa'an nan iskar farkon damina takan yaye rufin da ba a kafe shi sosai ba. Wannan ne ya sa ma'aikacin da ke tara kuɗin gini zai so ya san gaskiyar kwanon nan mai tsakuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira Gerard.

Asalinsa daga Ingila ne, inda aka riƙa shafa wa kwano kwalta a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani ɗan kasuwar ƙasar Niyu Zilan, Lou Fisher, shi ne ya ɗauki dabarar, ya fara ƙera shi a shekarar 1957. Farantin ƙarfe ne da aka lulluɓe da alminiyam da tutiya don tsare shi daga tsatsa, aka manna masa ɓarzajjen dutse. Nauyinsa wajen kilo 7 ne a kowace murabba'in mita, kuma tsakuwar tana rage ƙarar ruwan sama ƙwarai. Sai dai ba ya hana zafi shi kaɗai. Tilas a yi silin, a kuma bar kafar shigar iska.

Babban haɗarin yana wurin saye, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Ya kamata mai saye ya sa a auna masa kaurin ƙarfen, kada ya gaza milimita 0.4, ya murza tsakuwar da hannu ya ga ko za ta zube, ya nemi sunan kamfani a bayan farantin, kuma ya karɓi takardar garanti. Mai araha kan koɗe, ya tsiyaye tsakuwarsa cikin 'yan damuna kaɗan.

Wajen kafawa kuwa, kafintan da ya saba da kwano na gargajiya yakan yi kuskure. Ana jera katakon tu-bai-tu da tazarar da kamfani ya ƙayyade, yawanci kimanin milimita 370, bayan an shafe shi da maganin gara. Daga saman rufi ake fara shimfiɗawa a gangaro ƙasa, kuma a gaban leɓen farantin ake buga ƙusa, ba a bisansa ba, wanda shi ne sirrin ƙarfinsa a gaban iska. Da almakashin ƙarfe ake yanka shi, don injin yanka mai tartsatsi yana ƙone rigarsa, tsatsa ta samu hanya. Rufin da gangarensa bai kai digiri 15 ba kuwa, gara a nema masa wani kwanon dabam.