Gishiri da sukarin da ido ba ya gani

A yawancin garuruwanmu teburin mai shayi ya zama kicin na biyu. Da safe Indomie da ƙwai, da dare ma ita ce, a kora da lemon kwalba mai sanyi. 'Yan makaranta kuwa biskit da lemon kwali ake cusa musu a jaka. Ba na zargin uwar da tsadar gas ta sa ta zaɓi abin da zai dahu cikin 'yan mintoci, amma ya kamata ta san abin da ke cikin ledar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Da yawa daga gishirin da muke ci ba mu muka barbaɗa shi ba. Yana cikin ɗan ƙullin sinadarin taliya, yana cikin burodi da kifin gwangwani, yana kuma cikin dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Sai ka ga an marmasa dunƙule huɗu a tukunyar miya, an kuma ƙara gishiri. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya yi wa jijiyoyi yawa, zuciya ta yi ta aikin wahala, ƙoda ta gaji. Hawan jini kuma ba ya sallama. Sau tari sai ɓarin jiki ya shanye ake sanin yana nan, daga nan a fara zargin jifa ko iska.

Sukari ma haka. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana iya ɗauke da kusan cokali 9, alhali iyakar da hukumar ta ba babba ba ta wuce cokali 12 a yini ba, ta ce 6 ya fi. Shi ya sa Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a 2022.

A wani binciken da aka wallafa a 2019, wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya killace mutum 20 na tsawon wata guda: mako 2 suna cin abincin masana'anta, mako 2 dafaffen abinci irin na gida, kowa ya ci iya cikinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum, suka ƙara nauyin kusan kilo 1. Abinci mai laushi yakan wuce maƙogwaro kafin ciki ya sanar da ƙoshi.

Namu na gida ma bai kuɓuta ba. Man da aka yi ta soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, da zoɓon da aka gabza wa sukari, su ma cuta ne.

Uwargida, ki rage dunƙule ki ƙara daddawa, ki zuba rabin sinadarin taliya, ki yanka mata kabeji ko zogale. Maigida kuma ka je a auna maka jini da suga, ko da ba ka jin ciwon komai.